Kada ka yarda a datse maka kafasitar tuwita

Duk mai shiga motar haya a hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ya san sautin da zan yi magana a kai. Rediyo a ƙure, murfin ƙofa na karkarwa, bes na dukan ƙirji, amma in malami ne ke karatu ko ana labarai, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da ake faɗa. A wata motar kuma akasin haka za ka tarar: wata ƙara mai tsini ce ke fitowa daga gindin gilashin gaba tana sokar kunne, kafin a iso Bakori kanka ya fara sarawa. In ka tambayi direba zai ce sifikar ce jabu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa lafiya lau sifikar ta fito daga kwalinta, wajen haɗawa ne aka cuce ta, lokacin da mai wayarin ya sa filaya ya datse wani ɗan abu mai kama da ƙwayar gyaɗa da ke jikin wayar tuwita, ko ya ture ɗan baƙin akwatin da ya zo cikin kwalin gefe guda, ya ce ai wannan ba abin da yake yi sai rage ƙara.

Ɗan abin nan shi ne kafasita, wadda masu gyaran fanka ke kira kwandansa. Akwatin kuma shi ne kurosoba, wato mai raba sauti. Matsayata a kansu ba ta da kwana-kwana. In sifikarka ta zo da akwatinta, a sa shi. In babu akwati, a sa kafasita, kuma a zaɓe ta da lissafi, ba duk wadda hannu ya faɗa a kai cikin gwangwanin tarkace ba. Sannan duk saitin da ke cikin rediyon zamani, komai kyansa, bai isa ya sa a cire ta ba. Wannan na ƙarshen ni mai rubuta manhaja ne nake faɗa, kuma zan kawo dalilina.

Me ya sa aka raba sifika biyu tun farko

Sauti kaɗawar iska ce. Ana auna shi da yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma ana rubuta shi Hz, don tunawa da Heinrich Hertz, masanin kimiyya ɗan Jamus. Kunnen matashi mai lafiya na jin daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Ƙananan lambobi su ne sauti mai kauri, irin rugugin babbar ganga ko injin tirela. Manyan lambobi su ne siririn sauti, irin kacau-kacau, ko ƙarar "s" da "sh" da "ts" a bakin mai magana.

Sifikar da ke motarka, tsarinta bai canja sosai ba tun wanda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana a 1925: maganaɗisu, da kwayil na waya, da takarda da ke kai da komo tana tura iska. Matsalar ita ce takarda ɗaya ba ta iya aikin biyu da kyau. Sauti mai kauri na buƙatar faffaɗar takarda da za ta tura iska mai yawa. Siririn sauti na buƙatar abu mara nauyi da zai iya kai da komo sau dubbai a daƙiƙa. Shi ya sa aka yi wufa, mai inci 6 da rabi a mafi yawan ƙofofin mota, aka kuma yi tuwita, wadda fuskarta ba ta wuce inci ɗaya ba, wayar kwayil ɗinta kuwa siririya ce kamar gashi.

Akwai sifikar da aka ɗora tuwitar a tsakiyar wufar, abu ɗaya dunƙule. Akwai kuma wadda ke zuwa a rarrabe, wufa daban, tuwita daban, da akwati a tsakani. Ta biyun nake nufi a nan, kuma raba su ba ado ba ne. Zangon sautin 100 Hz ya haura mita 3, yana zagaye duk abin da ya tare shi. Na 4,000 Hz bai kai santimita 9 ba, tafiyarsa miƙe take kamar hasken tocila. In daga ƙasan ƙofa ya fito, a ƙafar fasinja zai ƙare, ko a jikin buhun da aka cusa ƙarƙashin kujera, balle a Golf ko Sharon da aka zuba mutum biyu a gaba. Don haka ake ɗaga tuwita sama, kusa da kunne.

To amma waya ɗaya ce ke fitowa daga rediyo zuwa kowane gefe, ɗauke da dukkan sautin a haɗe. Kuma mafi yawan ƙarfin wutar da ke cikin kiɗa a sauti mai kauri yake. Ka zuba wannan duka a kan wayar nan mai kamar gashi, ka ga abin da zai biyo baya: ko ta ƙone da zafi, ko ta tsinke don an tilasta mata tafiyar da ta fi ƙarfinta. Lambar wat da ake rubutawa a kwalin tuwita, da sharaɗin akwai matata a gabanta aka rubuta ta.

Rariya da lissafinta

Mu da muka tashi a cikin masara ba sai an yi mana dogon bayanin tankaɗe ba. Gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Kafasita rariya ce ta wutar lantarki: tana barin siririn sauti ya wuce, tana tare mai kauri. Kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla, yana yin akasin haka, yana barin mai kauri ya wuce ya tare siriri. Kafasita a gaban tuwita, kwayil a gaban wufa, kurosoba mafi sauƙi ke nan.

Kamar yadda idon rariya ke da girma-girma, haka kafasita. Ana auna ta da maikirofarad, a jikinta za ka ga µF ko uF. Lissafin bai wuce na ɗan aji uku a sakandare ba. Ka ɗauki om ɗin tuwitarka, wanda a mota yawanci 4 ne, ka ninka shi da lambar Hz ɗin da kake so tacewa ta fara, sannan ka raba 159,000 da abin da ya fito. Misali kana son 4,000 Hz: 4 sau 4,000 ya ba da 16,000, in ka raba 159,000 da shi za ka samu kusan 10. Ke nan kafasita mai 10µF. In ka juya lissafin a kan tuwita mai om 4, mai 6.8µF na fara tacewa a wajen 5,900 Hz, mai 4.7µF a wajen 8,500 Hz, mai 3.3µF a wajen 12,000 Hz. Lura da abin da ke rikita mutane: ƙaramar lamba ita ce ta fi tarewa, babbar lamba ta fi sakin sauti mai kauri ya shiga. Wanda ya ce bari ya sa maka babba don ta fi ƙarfi, ƙofa ya ƙara buɗe wa abin da zai kashe tuwitar.

Om ɗin ma ba abin wasa ba ne. Kafasitar nan mai 4.7µF da ke tacewa a 8,500 Hz a kan om 4, in ka kai ta kan tuwita mai om 8 ta sauko wajen 4,200 Hz. In kuma aka haɗa tuwita biyu masu om 4 baki da baki a bayan kafasita ɗaya, kamar yadda ake yawan yi a a-daidaita-sahu, om ya koma 2, lambar ta ninka, tuwitocin su yi kusan shiru, a ce ba su da kyau.

Sai dai a nan kwatancen rariya ya fara gazawa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Rariya tana tare tsaki gaba ɗaya. Kafasita ɗaya ba katanga ba ce, gangare ce. A daidai lambar da ka lissafa, rabin ƙarfin wutar ne ke wucewa. Mu ci gaba da misalin 10µF a kan om 4. A 2,000 Hz kashi ɗaya cikin 5 na wucewa. A 1,000 Hz kashi ɗaya cikin 17. A 500 Hz kashi ɗaya cikin 65. Wannan shi ake nufi da desibel 6 a duk lokacin da lambar ta ragu da rabi. A takarda kamar ya isa. A zahiri akwai abu biyu da ke ɓata lissafin.

Na farko, da ƙarfin wuta iri ɗaya, duk lokacin da sauti ya sauko da rabi, nisan kai da komon fuskar tuwita na ninkawa sau huɗu, har a kai wurin da ake kira Fs a takardar bayaninta, yawanci a wajajen 1,000 zuwa 2,000 Hz. Kafasita ɗaya rabin wannan kawai take iya ragewa. Ma'ana, ko da tana nan, tafiyar fuskar na ci gaba da ƙaruwa a ƙasan lambar da ka zaɓa. Na biyu, a daidai wannan Fs ɗin om ɗin tuwita ba ya tsayawa a 4, yana hawa sama, kuma in ya hau, tarewar kafasitar na raguwa a wurin da aka fi buƙatarta. Shi ya sa in ka ɓalle tuwitar da ta zo da mota daga kamfani, irin motocin Kwatano da suka cika mana gari, sau da yawa 'yar ƙaramar kafasita za ka gani manne a bayanta, mai 3.3 ko 4.7µF. Sun tura lambar can sama ne don su yi nesa da haɗari. In dole kafasita ɗaya za ka yi amfani da ita a kan om 4, shawarata ka tsaya tsakanin 4.7 da 6.8µF.

Akwatin kurosoba yana ƙara kwayil a gefen kafasitar, gangaren ya koma desibel 12. Dubi bambancin a kan wannan 4,000 Hz ɗin dai: a 2,000 Hz kashi ɗaya cikin 17 maimakon cikin 5, a 1,000 Hz kuwa kashi ɗaya cikin 257 maimakon cikin 17. Wannan tazarar ce ke ba tuwita damar saukowa ta ɗauki sashen muryar mutum ba tare da ta wahala ba. Kuma akwatin na yin aikin da kafasita ɗaya ba ta taɓa yi: yana hana wufa shiga gonar tuwita. Wufa mai inci 6 da rabi in an bar ta da siririn sauti, takardarta kan daina motsi a matsayin abu ɗaya, ta riƙa fitar da wata ƙara mai kaushi a wajajen 4,000 zuwa 6,000 Hz, daidai inda tuwita ma ke magana. Baki biyu na faɗin abu ɗaya, ɗaya a ƙafa ɗaya a gaban gilashi, ba a lokaci ɗaya suke isa kunne ba. Ga tushen sautin nan mai sa ciwon kai.

Ba yau aka fara wannan lissafi ba. Stephen Butterworth, ɗan Ingila, ya wallafa tsarin matatar da ke ɗauke da sunansa a 1930. A 1976 Siegfried Linkwitz, tare da abokin aikinsa Russ Riley a kamfanin Hewlett-Packard, suka fito da tsarin da har yau za ka ga haruffansa, LR, a cikin saitin na'urorin sauti. Kamfanin da ya ƙera sifikarka ya auna wufarsa da tuwitarsa ya zaɓi abin da ke cikin akwatin don su biyun kaɗai. Kuɗin akwatin na cikin kuɗin da ka biya. Wanda ya bar shi a shagon mai wayarin ya bar wani sashe na kuɗinsa ke nan.

Masu wayarin ma suna da hujja

Ba na cikin masu cewa masu gyaranmu ba su san aiki ba. Mutumin da zai bi wayar motar da ta shekara talatin a duniya ya gano inda wuta ke zurarewa ba tare da taswira ba, ba a raina hannunsa. Kuma in ya ce ya sha haɗa tuwita kai tsaye ba ta ƙone ba, gaskiya yake faɗa. Tuwitocin araha da suka cika kasuwa, da yawansu ba su da kwayil ko maganaɗisu. Wani ɗan faifai ne a ciki da ke lanƙwasa in wuta ta taɓa shi, ana ce musu fiyezo. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. Shi wannan faifan a karan kansa kamar kafasita yake, sauti mai kauri ba ya shigarsa sosai, don haka yana jure haɗin kai tsaye. Wanda hannunsa ya saba da irin wannan, ranar da aka kawo masa tuwita mai kwayil zai yi mata abin da ya saba. Bambance su ba wuya. Mai kwayil tana da ɗan nauyi, tana jan ƙusa, in ka ɗora mita a bakinta za ta nuna om 3 da wani abu. Fiyezo shafal take, mita kuma ba ta nuna komai, kamar wayar a tsinke take.

Maganar rage ƙara ma akwai gaskiya a ciki. In ka cire kafasita, tuwita na samun sautin tsakiya da ba nata ba, sai a ji kamar an ƙara ƙarfi. Wasu akwatunan ma suna da abin da ke rage wa tuwita wuta da gangan, don ta fi wufa saurin amsawa. A minti biyar na gwaji a bakin shago, ga hayaniyar titi, wanda ya fi ƙara shi ke cin kasuwa, kuma mai mota da kansa ne ke cewa a ƙara. Mai wayarin na sayar da abin da ake nema ne. Sai bayan mako biyu, a kan hanya, gefe ɗaya ya yi shiru, a koma a sayi wata, a haɗa ta kamar ta farko.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kusa da sana'ata. Rediyoyin Pioneer da Kenwood da Sony, da masu babban allo masu Android da ake yayi, suna da wurin saita matata a cikin manhajarsu. Za ka ga HPF da LPF. Abin da kafasita ke yi da wuta, manhaja na yinsa da lissafi, kuma ta fi iya kaifafa gangaren. Mai kwamfuta na iya ji da kunnensa: ka saukar da Audacity, kyauta ce, ka buɗe wani karatu ko waƙa, ka sa mata High-Pass Filter a 4,000 Hz da desibel 6, ka saurara, sannan ka maimaita da 24. A na farko za ka ji muryar mutum har yanzu tana leƙowa. A na biyu kusan sai "s" da "sh" suka rage. Abin da kake ji a gwajin farko shi ne abin da tuwita mai kafasita ɗaya ke haɗiya kullum.

To tunda manhaja ta fi iyawa, me zai hana a bar mata aikin? Dalili na farko, HPF ɗin da ke yawancin rediyoyin nan lambobinsa 50, 80, 100, 125 Hz ne da makamantansu. An yi shi ne don ya sauƙaƙa wa wufar ƙofa nauyin bes, kuma ina ba da shawarar a kunna shi a 80 ko 100. Amma tuwita dubbai take buƙata. A wurinta, matata mai 100 Hz da babu duk ɗaya. Ikwalaiza ma ba ta raba sauti, tunda wufa da tuwita na kan waya ɗaya, abin da ka rage wa ɗaya ka rage wa ɗayar.

Dalili na biyu ya shafi har waɗanda suka yi tsarin sosai, suka ba tuwita nata layin amfilifaya daban, manhaja na tace mata. Saiti abu ne da ake mantawa. A rediyoyi da yawa, da zarar an cire kan batir komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. A nan kuwa sau nawa ake cire batir? A cire don a tayar da motar maƙwabci, a cire a kai caji, a cire da dare don gudun ɓarayi, bakanike ya cire kafin ya taɓa kik. Ga yaron mota da ke latse-latse in direba ya tafi salla. Ranar da saitin ya goge aka murɗa ƙara, daƙiƙa kaɗan sun isa. Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida: ba ka dogara da shinge ɗaya, musamman wanda mai amfani zai iya kashewa da yatsa. Kafasita ba ta da wurin latsawa, ba ta san an cire batir ba. Ko a irin wannan tsarin a sa mata ɗaya mai ɗan girma, misali 22µF a kan om 4, wadda ke fara aiki a wajen 1,800 Hz. Ba za ta tsoma baki a aikin manhajar da aka saita a 4,000 Hz ba, tana tsaye ne kawai don ranar da manhajar ta yi mantuwa, da kuma ɗan bugun nan da wasu amfilifayoyi ke yi lokacin kunnawa.

Akwai abu ɗaya da kafasita da akwati duk ba sa iya tarewa, kuma gara mai mota ya sani. A fuskar rediyo ana rubuta 50W sau 4. Batirin mota in inji na aiki wajen 14.4V yake bayarwa, kuma da wannan wutar, abin da rediyo ke iya ba sifika mai om 4 a tsaftace bai wuce wat 20 da 'yan kai ba. In ka matsa masa ya wuce nan, sai ya riƙa aske kan sautin, askin kuma na haifar da tarin siririn sauti da babu shi a cikin waƙar. Kafasita ba ta bambance siririn sauti na gaske da na ɓarna, duka za ta buɗe musu ƙofa. Ƙara bes da desibel 6 kawai na neman ƙarfin wuta ninki huɗu. Da zarar ka ji murya ta fara tsagewa, rage ƙara.

Wajen saye, nemi kafasita mara kai da gindi, wadda aka rubuta NP ko BP a jikinta, mai 50V ko 100V. Wadda ake cirowa daga tsohuwar talabijin ko cajar waya, mai layi a gefe ɗaya da alamar ragi, ba ta wannan aikin ba ce, don wutar sauti gaba da baya take yi. In ba makawa, ana haɗa irinta biyu masu lamba ɗaya gindi da gindi, lambar ta koma rabi. Masu jikin roba, rawaya ko ja, sun fi ƙarko, lambarsu kuma a dunƙule take: 335 na nufin 3.3µF, 475 na nufin 4.7µF, 106 na nufin 10µF. In babu a Funtuwa, mai zuwa Kasuwar Sabon Gari a Kano ko Panteka a Kaduna zai iya taho maka da su a aljihu. Kwandansar fankar sama ma tana yi, don ba ta da kai da gindi. Mai 2.5µF ɗaya ta yi ƙanƙanta, a wajen 16,000 Hz take tacewa, amma biyu a haɗe baki da baki sun ba da 5µF, wajen 8,000 Hz ke nan. Kada kuma a rikita ka da ƙatuwar kafasitar nan mai kamar gwangwanin maganin sauro da ake ɗaurawa kusa da amfilifaya. Waccan ajiyar wuta take yi, ba ruwanta da tace sauti.

Wurin ajiye akwatin ma a duba. Cikin ƙofa ruwa na bi ta gefen gilashi duk damina. Saman dashbod kuwa, motar da ta yini a rana a watan Afrilu kowa ya san yadda yake, kuma kafasita mai ruwa a ciki tsawon ranta na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin zafi na digiri 10. Ƙarƙashin dashbod ko ƙarƙashin kujera, a ɗaure shi tamau saboda gargada.

Lissafin nan ɗaya ne ga masu tallar magani da masu shela da ke ɗaura lasifika mai ƙaho a kan mota ranar kasuwa, har da ta masallaci. Ita ma bes ke kashe ta. Mai om 16 in ana so a tare mata abin da ke ƙasa da 300 Hz, 33µF take buƙata, mai om 8 kuma 68µF.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci a kan 'yar tuwita? Ba kuɗin tuwitar kaɗai ba ne. Mu a nan abin da muka fi saurara a mota murya ce: karatun Alƙur'ani, tafsiri, labarai, da waƙar da daɗinta ke cikin kalmominta. Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a nan Bakori kafin ya koma Funtuwa, ya rasu tun 1999, amma har gobe yana cikin memorin direbobi. In kalangu na fita amma kalmomin sun dagule, me ka saurara? Abin da ke bambance harafi da harafi, sinun da shinun, yana zaune ne daga wajen 2,000 Hz zuwa sama, daidai mahaɗar wufa da tuwita. In wurin ya lalace, direba ba ya cewa mahaɗa ta lalace. Ƙara kawai yake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. Fasinja na sauka bayan awa ɗaya. Direba da yaron mota suna ciki daga asuba zuwa magariba. Lalacewar ji da ƙara ke jawowa kan fara ne a wajajen 4,000 Hz, wato wurin da ake jin haruffan, kuma ba ta dawowa. Sai ya ƙara murɗawa don ya ji.

In za a haɗa maka, tsaya a wurin. A jikin akwatin akwai baki uku: wanda ke karɓa daga rediyo, na wufa, da na tuwita, kowanne da alamarsa, ka ga an bi su. In akwai ɗan maɓalli mai 0 da -3dB, fara da -3dB in tuwitar na kusa da gilashi, don gilashi na dawo da siririn sauti, tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset kuma suna da shuuu ɗin da tuwita ke fito da shi fili. Ƙaramin batirin tocila da ake taɓa wa sifika don a gane kai da gindi, a wufa kaɗai ake yi, ba a tuwita ba. Gwajin kuma kada a yi shi da waƙar da ta fi bes a wayar mai shago. A rufe ƙofofi, a tayar da inji, a mayar da bes da tirebul sifili, a sa muryar mutum yana magana, ka koma kujerar baya ka ji ko kana tsintar kowace kalma ba tare da an wuce rabin ƙara ba.